Allurar kwatangwalo: abin da ta yi mini da abin da ba ta yi ba

Wata goma sha huɗu ke nan da aka fara yi mini allurar sitiroyid, wato maganin kwantar da kumburi, a cikin gaɓar kwatangwalona na dama, kuma zuwa yanzu sau biyu aka yi. Tun da mutanen masallacinmu suka ga na ajiye kujerar roba na koma yin sujada a ƙasa, ba a kwana biyu wani bai tare ni a bakin ƙofa ba yana tambaya, "Malam, wai wace allura ce aka yi maka?" Amsar ta fi ƙarfin tsayuwar bakin ƙofa, shi ya sa na zauna in rubuta ta dalla-dalla.

Ni malamin sakandare ne a Kano, shekarata 58, kuma ina da ciwon suga da nake shan ƙwaya a kansa. Ciwon ƙafar ya faro kimanin shekara huɗu da suka wuce. Ba a gefen ƙugu ya faro ba, inda kowa ke zaton ciwon kwatangwalo yake zama. A matsematsi ya faro, yana gangarowa ta gaban cinya har gwiwa, don haka na shafe kusan shekara guda gwiwar nake shafa wa man zafi. Sannu a hankali abubuwa suka riƙa kuɓuce mini. Ɗaga ƙafa in hau babur ya zama aiki. Yanke farcen ƙafar dama sai ɗana ya yi mini. Tsuguno a banɗaki ya gagara, har muka sa na zama. Wanda ya fi taɓa mini zuciya shi ne zaman tahiyya, ranar da na kasa miƙewa daga shi sai da na kusa da ni ya kama hannuna.

Kamar yawancinmu, kemis na fara zuwa. Aka ce sanyi ne, aka riƙa yi mini allura a ɗuwawu, haɗin diklofenak da deksa. Kwana biyu ko uku in ji garau, sai ciwo ya dawo, in koma. Na yi watanni a haka, har fuskata ta cika, sugana ya ƙi saituwa, cikina ya fara zafi da dare. Na kawo wannan ne don mutane da yawa da na yi wa bayani suna cewa, "Ai ni ma an sha yi mini ita a kemis." Ba ita ba ce. Deksa ma sitiroyid ce, amma wadda ake zubawa a tsoka tana bin jiki ne gaba ɗaya, kuma yawan ta yana raunana ƙashi, yana hau da suga da hawan jini, har yana iya hana jini isa kan ƙashin cinya ya mutu, wato ta jawo ainihin ciwon da mutum ke gudu. Da na gaya wa likitan ƙashi yawan alluran da na sha, shiru ya yi na ɗan lokaci kafin ya ce, "Baba, daga yau ka daina, don Allah."

Hoton da aka ɗauka ina tsaye ya nuna komai. Likitan ya ɗora shi a allon haske ya nuna mini hagu da dama. A hagu akwai fili tsakanin kan ƙashin cinya da kwarmin da yake zaune a ciki, a dama kuwa filin ya tsuke sosai ta sama. Wannan fili guringuntsi ne, shi ke hana ƙashi gogar ƙashi, kuma nawa ya zaizaye. Ya tambaye ni ko akwai sikila a gidanmu, domin a ƙasar nan matasa da yawa masu ciwon kwatangwalo sikila ce ke cinye musu kan ƙashin, kuma su ba a yi musu sitiroyid da gaggawa don tana iya tayar musu da ciwon. Ya tambaye ni ko ina shan maganin tsinka jini, ko ina zazzaɓi, ko akwai wani ƙurji a fatar wurin. Sannan ya faɗi maganar da na so a ce na riƙe da hannu biyu tun ranar: allurar tana kwantar da kumburin cikin gaɓa ne, ba ta mayar da guringuntsin da ya tafi. Ya ɗage ni wata guda sai suga ya sauka tukuna. Na ji haushin wannan jinkiri a lokacin, amma daga baya na gane dalilinsa da jikina.

Ranar allurar aka kwantar da ni rigingine, aka wanke matsematsina da maganin kashe ƙwayoyin cuta har sau uku, aka rufe da zane mai huji. Likitan ya ɗora kan na'urar sikanin, irin wadda ake duba masu ciki da ita, ya juyo mini da allon. Ya nuna mini babbar jijiyar jini tana bugawa, ya ce daga gefenta zai bi, nesa da ita. Gaɓar kwatangwalo tana da zurfi, tsoka ce jibge a kanta, ba kamar gwiwa ba da ake lalube da yatsa, don haka duk wanda ya ce zai yi maka wannan allura da ka, ba tare da na'urar da ke nuna masa bakin allurar ba, ka tashi ka sa wandonka. Da fari ƙaramar allura ce ta kashe zafi a fata, ita ce ma ta fi cizo. Daga nan doguwar ta shiga, tsawonta ya kusa kai tafin hannu, ina ganinta a allo kamar farin zare tana tafiya. Abin da na ji nauyi ne, kamar ana danna mini babban yatsa a can ciki, sai wani cika lokacin da aka tura ruwan. Wata sitiroyid ce mai suna Kenalog aka haɗa da maganin kashe zafi a sirinji ɗaya. Daga kwanciya zuwa tashi bai kai minti ashirin ba.

Bayan ɗan hutu ya ce in tashi in yi tafiya a baranda, in gwada ɗaga gwiwa zuwa ciki. Na ɗaga, ba zafi ko kaɗan. Idona ya kawo ruwa. Shi kuwa ya ce kada in yi murna tukuna, wannan aikin maganin kashe zafi ne, zai sake ni cikin awoyi kaɗan. Amfaninsa shi ne ya tabbatar mana daga gaɓar ciwon yake fitowa, ba daga jijiyoyin gadon baya ba, domin su ma suna aiko zafi cinya su rikita likita da mara lafiya.

Daren nan na sha wuya. Bayan isha'i maganin ya sake ni, zafin da ya zo ya ninka na kullum, na kasa samun gefen da zan kwanta a kai. Uwargida ta ce mu koma asibiti cikin daren. Na kira lambar da aka ba ni, ma'aikaciyar jinya ta tambaye ni ko akwai zazzaɓi, ko wurin ya yi ja ko ya kumbura, na ce babu. Ta ce wasu mutane gaɓarsu takan harzuƙa kwana ɗaya ko biyu saboda ƙananan ƙwayoyin maganin, in sa ƙanƙara a tsumma in ɗora, in sha farasitamol, amma in zafin ya wuce kwana uku yana ƙaruwa ko jiki ya yi zafi, in zo nan take, don hakan na iya zama ƙwayar cuta ta shiga gaɓa. A nan ne nake da ƙorafi na gaske. Wannan bayani kamata ya yi a ba ni shi kafin in bar asibiti, a rubuce ma, da Hausa. Da an yi haka da ba mu kwana cikin fargaba ba, ni da iyalina.

Suga kuwa, abin da aka faɗa ya faru. Wanda nake samu wajen 130 da safe ya haura 250 a rana ta biyu, ƙishirwa da yawan fitsari suka dawo, sai da ya ɗauki kusan mako guda kafin ya koma mazauninsa. Ina aunawa safe da yamma ina rubutawa, likitan sugana ya ɗan gyara mini magani na waɗannan kwanaki. Da an yi mini allurar a watan da na fara zuwa, lokacin da sugan ke sama, ban san inda zai kai ba. Fuskata ta yi ɗumi kwana biyu, barci ya yi mini wuya dare uku. Mai ciwon suga da ba shi da na'urar awo a gida, ya saya ko ya aro kafin ya je.

A rana ta biyar na farka da asuba na sauko da ƙafa daga gado ba tare da na tallafe ta da hannu ba. A rana ta bakwai na yi sallar magariba cikakkiya, tsayuwa da ruku'u da sujada da zama, karo na farko cikin kusan shekara biyu. Mako uku bayan haka na tafi Umra, wadda don ita ma na nemi allurar. Sa'ayi tsakanin Safa da Marwa tafiya ce ta kimanin kilomita uku in aka haɗa zagaye bakwai ɗin, ban da ɗawafi, kuma na riga na ware kuɗin keken turawa. Da ƙafata na yi, ina hutawa, ina shan zamzam. Ko don wannan kaɗai ba na nadamar kuɗin da na kashe, duk da cewa hoto da gwaje-gwaje da allurar da ladan likita sun cinye kusan rabin albashina na wata.

Kuskuren da na yi a karon farko babba ne, kuma nawa ne. An rubuta mini takardar zuwa sashen gashin ƙashi, na jefa ta a aljihun mota, don a ganina wanda ya warke ba ya buƙatar gashi. Na koma hawa bene bibbiyu a makaranta, na koma tsayuwar awa uku a aji. Wajen mako na goma zafin ya fara leƙowa da dare, kafin wata na uku ya cika ya dawo yadda yake, ko ɗan abin da ya fi. Na koma na ce a ƙara mini. Likitan ya ƙi. Ya ce ba a jera ta, aƙalla a bar wata uku tsakani, kuma ba a so ta wuce sau uku ko huɗu a shekara a gaɓa ɗaya, a kwatangwalo ma shi ya fi son ƙasa da haka. Ya ba ni labarin wani bincike da aka yi a Boston ta Amurka aka wallafa a 2017, inda mutum 140 masu zaizayewar gwiwa aka riƙa yi wa rabinsu irin wannan allura duk wata uku har shekara biyu, rabi kuma ruwan gishiri. A ƙarshe masu sitiroyid sun fi asarar guringuntsi, kuma zafinsu bai fi na ɗaya ɓangaren sauƙi ba. Tsohon magani ne, tun 1948 aka fara ba masu ciwon gaɓɓai kotizon, wanda shi ma sitiroyid ne, a asibitin Mayo da ke Amurka, har masu aikin suka sami kyautar Nobel a 1950, amma duk tsawon shekarun nan ba a same shi yana tsirar da guringuntsi ba. Ya ƙara da cewa akwai ƙalilan da kwatangwalonsu ke lalacewa da sauri bayan allurar, shi ya sa yake son sabon hoto kafin kowace.

Wata biyar bayan ta farko aka yi ta biyu. Sauƙinta bai kai na farko ba, tsawonsa ma bai wuce mako shida ko bakwai ba. Sai dai wannan karon mako guda bayan allurar ina kan tabarmar masu gashi. Wata matashiyar ma'aikaciya ta koya mini kwanciya rigingine in ɗaga ƙugu sama, kwanciya a gefe in ɗaga ƙafa, tashi daga kujera ba dafawa, da tuka keken da ba ya tafiya. Ita ce ta gyara mini riƙon sanda: mai ciwo a dama da hannun hagu yake riƙewa, ni kuwa shekara guda a dama nake riƙe ta. "Baba, yanzu da zafin ya kwanta ne za ka iya gina tsokar," in ji ta, "in ya dawo ba za ka yarda in taɓa ƙafar ba." Na rage tuwon dare da lemon kwalba, kilo shida suka sauka cikin wata biyar. Da ƙarfin allurar ya ƙare zafin ya dawo, amma bai koma inda yake ba, kuma ƙafar ta daina yi mini rawa a kan matakala.

Wanda zan ce ya nemi wannan allura shi ne wanda aka yi wa hoto aka san abin da ke damunsa, zafi ya hana shi barci ko motsa jiki, ko yana da wata muhimmiyar tafiya a gabansa, kuma ya sami likitan da zai yi ta da na'ura. Wanda ke shirin aikin sauya kwatangwalo nan kusa ya gaya wa likitan tiyatarsa tukuna, domin ba a son allurar cikin wata uku kafin aikin, saboda haɗarin ƙwayar cuta. Ni ma an faɗa mini a fili cewa wata rana can zan kai, kuma kuɗin aikin ba ƙarami ba ne ga malamin makaranta, mun fara adashi a kansa ni da ƙannena.

Yanzu wata tara ke nan rabona da allura. Asuba da azahar da la'asar a ƙasa nake yin su. Ranar da na daɗe a tsaye a aji, ko lokacin hunturu da gaɓar ke sandarewa, nakan jawo kujerar robar a isha'i, tana nan a jingine a bayan masallaci. Atisayen nakan yi shi bayan sallar asuba, minti ashirin, kafin yara su tashi. Wata mai zuwa zan koma a ɗauki sabon hoto, daga abin da ya nuna ne ni da likita za mu yanke ko za a yi ta uku.