Siririn faifan yanka na milimita 1, bayan ya sha aiki a shagona

Mai walda da ya saba da faifan yanka mai kaurin milimita 3, in ka miƙa masa na milimita 1 sai ya juya shi a hannu ya ce wannan ai ba zai kai azahar ba. Aikina ƙofofi ne da tagogi da bugla, abin da nake yanka kullum fayif ne mai kusurwa huɗu da angul da rodi, kuma tun daminar bara na koma amfani da siririn faifan Bosch na inci huɗu da rabi, wato milimita 115, wanda nake saya a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano. Yana kai azahar, yana wuce ta, amma sai a hannun wanda ya san yadda ake lallaɓa shi.

Wajen yanka kam ba ni da ƙorafi. Da yake ƙarfen da yake ci kaɗan ne, shiga yake yi kawai, ba sai ka kwanta a kan giranda, wato injin da ke juya faifan, da ƙarfinka ba. Bakin fayif yana fita sumul, ba ya yin baƙi don zafi, kuma kaifin da yake bari a gefe kaɗan ne, gugar da za a yi kafin walda ta ragu sosai. In kana haɗa kusurwar firam ɗin taga, a nan za ka ga bambancin: bakuna biyun suna haɗuwa ba gibin da za ka cike da wuta. Mai aiki da janareta kuma zai ji da kunnensa, don injin ba ya nishi kamar yadda yake yi in an danna mai kauri. Wanda nake saya akwai INOX a jikinsa, an yi shi ne don ƙarfen da ba ya tsatsa, irin na makarin bene. Sai dai in ka riga ka yanka baƙin ƙarfe da shi, kada ka kai shi kan wancan, burbushin da ya ɗebo zai bar ɗigon tsatsa a inda aka yanka, mai gida kuma kai zai kira.

Inda ya gaza a fili yake. Ko yana sabo zurfin da yake kaiwa bai wuce milimita 30 ba, kuma a kan faranti mai kauri ko babban bim cinyewa yake yi kana kallo. Wannan aikin babbar giranda ce ta inci tara. Ba ya kuma jure murɗiya ko kaɗan. Ƙarfe ya motsa ya matse shi, ko hannunka ya karkace a tsakiyar yanka, sai ka ji ƙas, gefe ya ɓalle. Shi ya sa ba na yarda a taka fayif da ƙafa a yanka. A ɗaure shi a bais, wato mamatsin ƙarfe na kan teburin aiki, a bar ɓangaren da zai faɗi ya faɗi ta yadda bakin yankan zai buɗe.

Abin da ya sa nake biyan kuɗinsa, duk da ya fi marasa sunan da ake sayarwa a kwali tsada, rubutun da ke jikinsa ne. Faifan milimita 115 na kirki an rubuta masa iyakar juyi 13,300 a minti ɗaya, ƙaramar giranda kuwa wajen 11,000 take yi, ka ga akwai rata. Akwai lambar EN 12413, ƙa'idar Turai ta ingancin irin waɗannan faya-fayan. Sannan a zoben ƙarfen da ke tsakiya an buga wata da shekarar da zai daina aiki, yawanci shekara uku daga ƙera shi, domin ƙaron da ya riƙe yashin da zaren gilashin yana lalacewa, musamman in ya sha danshi. Da yawanmu ba su taɓa duba zoben nan ba. Na taɓa ce wa wani mai shago, "Alhaji, wannan ai kwanansa ya ƙare." Ya yi dariya ya ce, "Malam, magani ne da za ka sha?" Na ajiye masa abinsa.

Na kwalin nan marasa suna, waɗanda ko kwanan wata babu, na gwada su lokacin da aiki ya yi yawa kuɗi suka yi kaɗan. Wasu sun yi abin kirki, wasu suna rawa tun kafin su taɓa ƙarfe. Ɗaya ya fashe a hannun yarona yana yanka angul, murfin giranda ya tare babban ɓallin, wani guntu ya huda kwanon rumfa ya fita. Gefen faifai yana iya gudun mita 80 a daƙiƙa, kusan kilomita 290 ke nan a awa. Yaron ya kashe injin ya tsaya yana kallon hudar, can ya ce, "Oga, da fuskata ce fa?" Tun ranar bai sake tambayata ko ya cire murfi ba.

Cire murfin nan kuwa yawanci dalili ɗaya ne: ana so a ɗora ragowar faifan inci tara a kan ƙaramar giranda don kada a yi asara. Faifan inci tara iyakarsa wajen juyi 6,600 ne, kuma in bai shiga cikin murfi ba to ya fi ƙarfin injin, magana ta ƙare. Haka ma goge walda da gefen faifan yanka. Na milimita 3 yakan yi haƙuri na ɗan lokaci, shi ya sa mutane suka saba, amma siririn nan ba ya yafewa. Faifan guga mai kaurin milimita 6 daban yake, canza shi bai kai minti ɗaya ba in sifana tana kusa.

Sauran ƙa'idojin shagona na kowa ne. A zare soket kafin a taɓa noti, kuma in an ɗauke wuta a kashe makunnin nan take, don giranda da aka ajiye a kunne tashi take yi da kanta in NEPA ta dawo. Sabon faifai a bar shi ya juya kamar rabin minti ana riƙe da shi nesa da jiki. Baƙin tabarau na kasuwa ba ya tare komai, gilashin kariya ake sawa, kuma ba a yanka da jallabiya ko kusa da jarkar man janareta. Da damina ina ajiye faya-fayan a kwance cikin akwati a kan kanta, ba a ƙasan kwantena ba.

Don fayif da angul da rodi, siririn nan zan ci gaba da saya. Mai shirin gwadawa ya fara da guda biyu ko uku a kan fayif mara kauri, ya bar nauyin injin ya yi yankan, kuma ya duba zoben tsakiya tun a gaban mai shago kafin ya miƙa kuɗi.