Ajin koyon riƙon dillalan intanet: kwalliya ta biya kuɗin sabulu kuwa?

Jiya muka gama, sati huɗu a Telegram, kuma tunda ana ta tambayata bari in faɗa sau ɗaya in huta. Ba zan kama sunan malamin ba.

Ni na shiga ne da zaton irin wanda aka saba ne, a ba ka linki ka zuba a status, wani ya saya ta hannunka ka ci la'ada. Ashe ba nan aka dosa ba. Nan kai ne mai kaya zai ɗauka aiki ka riƙe masa dillalan gaba ɗaya, kai za ka nemo su ka tace su ka yanka musu kaso, ƙarshen wata kuma ka tabbatar kowa an ba shi haƙƙinsa. Sarkin dillalai kenan, sai dai kasuwarka a cikin kwamfuta take.

Sati na biyu shi ne ya ci kuɗinsa wallahi. Malamin ya ɗauko tsarin dillancin kamfanin Amazon, wato Amazon Associates, da aka fara tun 1996, ya nuna mana yadda in mutum ya danna linkinka awa 24 kawai gare ka, in bai saka kaya a kwando ba a cikinsu shikenan ka yi aikin banza, alhali wasu masu kayan sukan ba da kwana 30. To wa ke zaɓar tsawon kwanakin? Wanda ke kan kujerar da muke koya. Sai ya kawo abin da ya faru a Afrilun 2020 lokacin da Amazon ya zaftare la'adar kayan ɗaki daga kashi 8 zuwa 3, ya ce kowa ya rubuta saƙon da zai tura wa dillalansa in shi ne aka ce ya sanar da su. Na goge nawa ya fi sau biyar, ba sauƙi ka gaya wa mutum an rage masa abinci.

Darasin 'yan damfara ma ya yi, masu sayen kaya ta linkin kansu su dawo da shi bayan sun karɓe la'ada, da masu shigowa a minti na ƙarshe da lambar rangwame su kwashe ladan wahalar wani.

Inda ya ban haushi, misalan duk na Amurka ne da Ingila, kamfanonin haɗa masu kaya da dillalai irin su Awin da CJ, komai dala komai fam. Na tambaya yaya mai turare a Kano da ke karɓar oda ta WhatsApp zai gane wane dillali ne ya kawo wane kwastoma, ya ce za mu zo wajen, har aka rufe aji ba mu zo ba. Bidiyoyin kuma cin data kamar me, ga ƙarar janareto a bayansa. Maganar samun aiki ya taƙaita ta a "ku gyara LinkedIn ɗinku", wato shafin nan na neman aiki.

In kana da kayan sayarwa kuma akwai masu tallata maka, shiga, za ka ƙaru. In kuwa so kake a gama ranar Juma'a ka fara ɗaukar albashi Litinin, riƙe kuɗinka tukunna.