Gargaɗi ga masu sutudiyo: naira dubu 850 na biya, aka aiko min da gwangwani

Jama'a, akwai wani mutum da ke yawo a guruf-guruf na masu kayan sauti yana tallar makirfon Coles 4038, wai an fito da shi ne daga sutudiyon Steve Albini, wani shahararren mai ɗaukar sauti, bayan mutuwarsa. Ɓarawo ne. Ya cinye min naira dubu 850. Dubu ɗari takwas da hamsin, wallahi, ko kwabo bai dawo ba.

Kwana goma sha ɗaya ina haɗiye maganar nan saboda kunya. Yayana da ya ranta min dubu 300 daga ciki sai shekaranjiya ya ji, kuma bai ce min komai ba, shirun nan ya fi min zagi ciwo.

Kafin wani ya ce ai ni na yi gaggawa, shekara goma sha biyu ina wannan sana'a. Ba jiya na fara riƙe makirfon ba. Na gaji ne da kiɗan fiyano da kwamfuta, ina so in ɗauki kalangu da ganga yadda kunne ke jin su a fili. A nan na kamu da son aikin Albini, mutumin Shikago a Amurka da ya ɗauki faifan ƙungiyar mawaƙan Nirvana na 1993, ya buɗe sutudiyonsa Electrical Audio a 1997. Har ya bar duniya a watan Mayun 2024 da tef yake aiki, a injin Studer, ya baza makirfon a ɗaki ya bar ganga ta yi numfashi. Coles 4038 na cikin waɗanda yake ji da su. BBC ce ta ƙirƙiro shi a Ingila tun shekarun 1950, wani siririn zaren alminiyam ne a tsakanin maganaɗisu yake ɗaukar sautin. Na daɗe ina mafarkinsa, sabonsa kuwa ya haura dala dubu, ina zan samo?

To sai ga wannan mutum. Ya ce yana Legas, yana sauke kayan gwanjo daga Amurka. Da farko ban yarda ba, na rantse da Allah ban yarda ba. Na gwada shi. Na tambaye shi wace irin waya ake jona masa, don na san na asali ba ya karɓar XLR, wato kan jonan makirfon na gama-gari, kai tsaye, sai da wani kan jona na musamman. Nan take ya ba ni amsa daidai, har ya ce zai haɗa min da shi kyauta. Sannan ya turo saƙon murya, muryarsa a natse kamar ta dattijo:

"Maigida, don Allah idan ya iso kar ka hura masa iska da sunan gwaji, zaren cikinsa zai lalace. Kuma kar ka ajiye shi kusa da tef, maganaɗisunsa na da ƙarfi."

Wannan saƙon ne ya kashe ni. Na saurare shi ya fi sau talatin tun da abin ya faru. Ku faɗa min, wane ɗan damfara ne zai damu da zaren cikin makirfon? Wa zai ji wannan bai ce ya haɗu da ɗan sana'a ba? "Kar ka hura masa iska." Ina zaune a kan kujerar nan da nake rubutu yanzu, na ce a raina wannan mutumin kirki ne. Minti goma ba a yi ba na tura masa dubu 400 kafin alƙalami.

A'a, bidiyon ma ya riga. Ya fara turo bidiyo yana juya makirfon ɗin a hannu, da wata takarda mai sunana a gefe. Ko kuwa bayan dubu 400 ɗin ne ya rubuta sunan nawa? Kaina ya kulle, amma duk yana cikin wayata da rana da lokaci. Abin da na tabbata, ranar Alhamis na cika dubu 350, ranar Asabar da asuba ya kira wai kaya sun maƙale, sai an ba da dubu 100 kafin a sake su. Na tura. 400, 350, 100. Dubu 850, har da kuɗin adashen da na ɗauka da niyyar gyara rufin sutudiyo kafin damina.

Na karɓo kwalin a tasha ranar Talata. Tun a hannun direba gabana ya faɗi, domin na asali ya haura kilo ɗaya, wannan kuwa kamar gwangwanin madara. Na kawo makulli kusa da shi, ko motsi bai yi ba, babu maganaɗisu. Ƙasansa ramin XLR ne na gama-gari. Da na kwance shi, kan makirfon ne irin wanda ake sanarwa da shi a wurin ɗaurin aure, an liƙe da gam. Na kira, waya a kashe. Kafin magariba ya toshe ni ta ko'ina. Banki sun ce an kwashe kuɗin tun ranar da suka shiga, na kuma kai ƙara wurin hukuma, ina jira.

Daga baya na ga ashe sutudiyon Albini na nan yana aiki. Wani abokin sana'a kuma ya ce shi jita Travis Bean mai wuyan alminiyam, irin wadda Albini ke kaɗawa, mutumin ya yi masa talla, da wani suna daban, amma murya ɗaya ce. Abin da ke ƙara ƙona min rai, Albini mutum ne da ya ƙi karɓar kamasho daga cinikin faifan mawaƙa, ladan aikinsa kawai yake karɓa. Da sunan irin wannan mutum aka yi min sata.

Kar ku tura kuɗi sai naku ya je ya ɗaga kayan da hannunsa, ya kara masa makulli. Zan saka hotunan hirarmu da rasit ukun da saƙon muryar da zarar mai binciken ya ba ni dama.

Na riga na yi wa wani dattijo mai kalangu alkawarin zama ranar Lahadi, na cika masa baki cewa zai ji kiɗansa yadda bai taɓa ji ba. Yau da safe ya aiko jikansa yana tambaya ko abin ya iso. Dubu 850. Allah ya isa tsakanina da kai, ban yafe ba.