Asibitin idon da na kai Baba: aiki mai kyau, sai dai layi

Jama'a masu ciwon suga ku daina jira sai ido ya fara hazo. Na kai Baba wani asibitin ido mai zaman kansa nan Kano, kuma gaskiya sun iya aiki. Ba karanta haruffan bango kawai suka sa shi ba, sun ɗiga masa magani ƙwayar idon ta buɗe, muka jira wajen minti 30, sannan likita ta haska can bayan idon ta ɗau hoto ta nuna mana a kwamfuta inda ƙananan jijiyoyin jini suka fara tsiyaya, alhali shi Baba cewa yake garau yake gani, ashe haka suga ke yi, ba zafi ba komai har sai ya yi ɓarna. Sun auna hawan jinin ido ma, suka duba yanar ido.

Layi kam akwai shi, kujeru sun yi kaɗan, kuɗin hoton kuma da ɗan tsada. Kar ka tuƙa mota da kanka, bayan ɗiga maganin ido na yin dishi-dishi na wasu awanni, ka riƙe baƙin tabarau. Likitar ta ce mai suga duk shekara ya zo, Baba kuwa wata 6 ta ba shi.