Sarƙar Cen-Bulok: Walda Ko Sabuwa?

Idan ƙwaya ɗaya ta tsage a sarƙar cen-bulok ɗin da ake ɗaga injin mota da shi, makanikai kan rabu biyu. Wasu su ce a kai wa mai walda, kafin la'asar an gama, kuɗin bai taka kara ya karya ba. Sai dai sarƙar ɗaukar kaya, irin mai lamba 80, ƙarfe ne da aka gasa a masana'anta. Wutar walda na kashe wannan gashin, wurin ya yi rauni, kuma ido ba ya gani. Ranar da zai tsinke, injin na rataye, yaron gareji na ƙarƙashi.

Sabuwa akwai tsada, ga ɗawainiya. Dole girman ƙwayoyinta ya dace da ramukan gargaren da take bi, in ba haka ba ta riƙa tsalle tana cijewa. Wajen zurawa a lura kada ta murɗe, sannan a shafa mata mai.

Ni dai da zarar kaurin ƙwaya ya ragu da kashi 10 cikin 100, ko ta miƙe, ba na jiran ta tsage ma. Sabuwa nake sawa.