Nikon Coolpix P950: ta iya nesa, amma sai da rana

Duk wanda ya taɓa ɗaga waya don ya ɗauki shirwa a kan reshe ya san abin da yake samu: ɗan ɗigon baƙi a tsakiyar sama, da ka buɗa shi da yatsu biyu ya watse. Irin wannan takaicin ne ya kai ni ga kyamarar Coolpix P950, wadda kamfanin Nikon ya fitar a farkon 2020. Na jima ina yawo da ita, daji da gari, har na san inda take da ƙarfi da inda take sarewa.

Abin da ake sayenta dominsa guda ɗaya ne, wato janyo nesa. Gilashinta a manne yake, ba a cirewa, kuma yana janyo abu har ninki 83, wato tsawon gilashi daga milimita 24 zuwa 2000 a ma'aunin manyan kyamarori. Lissafin ba ya shiga kai sai ka leƙa da idonka. Balbela tana tsaye can ƙetaren ruwa, da ƙyar kake rarrabe ta da farin dutse, ka tura ɗan madannin da ke kewaye da maɓallin ɗauka, sai ga ta ta cika allo. Ga ruwan ɗorawar ƙwayar idonta, ga laka a yatsunta, ga fara a bakinta tana harba ƙafa. Ita kuwa ba ta ma san da kai ba. Wannan shi ne babban alherin dogon gilashi ga mai ɗaukar namun daji: dabba tana harkarta, ba ka tsorata ta ba, ba ka kuma kai kanka inda za ta illata ka ba.

Akwai wani ɗan maɓalli a gefen gilashin da na fi yabawa da komai. In ka janyo har ƙarshe, tsuntsu ya ɗan matsa, shi ke nan ya ɓace maka, ganye kawai kake gani. Da ka danne maɓallin sai hoton ya ja baya, ka hango inda ya koma, ka saita, ka saki, ya dawo da kai kansa. Wanda ya ƙirƙiro wannan ya sha wahalar bin tsuntsu, babu shakka. A kan faifan zaɓi kuma an ware gurbi guda na tsuntsaye, guda na wata, don haka ba sai ka shiga lalube cikin saituna ba.

Batun wata kuwa, ko don shi kaɗai wasu ke sayen ta. Abin da ke nesa da mu da kusan kilomita 384,000 sai ga shi ya cinye fiye da rabin tsayin allo. Sai dai kada ka jira daren sha huɗu. Idan wata ya cika, hasken rana yana dukansa ne gaba da gaba, babu inuwa, fuskarsa ta fito a shafe. Lokacin da yake rabi ne ramukansa ke bayyana, a bakin layin da ya raba haske da duhu, kowane rami da inuwarsa. A cikar wata abin kallo shi ne ramin Tycho, da fararen layukan da suka bazu daga gare shi.

To, ta yaya aka cusa milimita 2000 a abin da nauyinsa bai fi kilo ɗaya da ɗigo ba? Dabarar tana cikin sensa, ɗan farantin da ke karɓar haske. Na P950 ƙarami ne ƙwarai, faɗinsa milimita shida da 'yan kai, yayin da na manyan kyamarori yake 36 da 24, wato ya ninka shi wajen sau talatin a fili. Ainihin tsawon gilashin milimita 357 ne, ƙanƙantar sensan ce ke yanko tsakiyar hoto har ya yi daidai da 2000. A nan aka ci riba, a nan kuma ake biyan bashi. Ƙaramin faranti kamar ƙaramar kwarya ce a ƙarƙashin yayyafi, abin da za ta tara kaɗan ne. Ga shi kuma ƙofar hasken tana tsukewa daga f/2.8 zuwa f/6.5 idan ka janyo. Da hantsi hoto yana fita tas, ana ƙirga gashin tsuntsu. Da almuru, ko a ƙarƙashin duhuwar itatuwa, sai ya koma yashi-yashi, gashin ya haɗe kamar an shafa shi da hannu. Abin haushin shi ne yawancin namun daji da asuba da yamma suke fitowa. Wannan halin duk kyamara mai ƙaramin sensa ne, kowane kamfani ya ƙera ta.

Tsakar rana ma da nata. Idan ƙasa ta ɗau zafi, iskar da ke samanta tana rawa, kawalwalniya ke nan, kuma dogon gilashi yana janyo wannan rawar tare da abin da kake ɗauka. Barewa mai nisan rabin kilomita za ta fito a karkace ko da kyamarar duniya ce a hannunka. Hotunan da na fi alfahari da su duk na abin da ke kusa-kusa ne, taku ashirin ko talatin, wanda na janyo har ya cika allo.

Tana da na'urar rage rawar hannu, kuma tana aiki fiye da yadda na zata. Duk da haka a 2000 numfashinka ma yana motsa hoto. Manna idonka a tagar leƙe, ka matse gwiwar hannu a haƙarƙari, in akwai bango ko kututture ka jingina. Tsuntsu mai tashi sama kuwa sai sa'a, domin kafin ta gama kama shi ya wuce.

Wajen da ban yi tsammani ba ta burge ni shi ne tsofaffin gine-gine. Rubutun da aka sassaƙa can saman ƙofa, zanen da ke ƙarƙashin rufi, shekarar da magini ya karce a dutsen da ba wanda ke ɗaga kai ya kalla, duk tana sauko maka da su ka karanta a tsanake. Ka ja baya zuwa 24, ginin gaba ɗaya ya shiga. Da ka shiga ciki inda haske ya yi ƙaranci, mayar da ita jaka ka fito da waya, don wayoyin yanzu sun fi ta iya duhu.

Sauran bayanai a taƙaice: megafiksel 16, bidiyo 4K, kuma tana ajiye hoto a tsarin RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba, abin da yayarta P900 ta 2015 ba ta yi, shi ne ke ba ka damar ceto hoton da ya ɗan yi duhu a kwamfuta. Batirinta an ƙiyasta masa hoto 290 a caji ɗaya, saboda haka mai wuni a daji ya riƙe na biyu. Ba a yi ta don ruwa ko ƙura ba. Manhajar SnapBridge tana tura hotuna waya ta Bluetooth.

Akwai P1000 ta 2018 mai kaiwa 3000, amma nauyinta ya kusa kilo ɗaya da rabi, kuma ƙarin nisan kawalwalniya ce ke cinye yawancinsa. Ni dai P950 ta ishe ni. Mai son buga ƙaton hoton bango, ko mai ɗaukar dare, ya nemi babbar kyamara. Mai son ya dawo daga tafiya da hoton da zai tantance wane tsuntsu ya gani, ya tashi da wuri ya bar rana a bayansa, za ta yi masa aiki.