Katakon Daɓe Mai Hawa-hawa: A Nan Sai Siminti Ya Bushe

'Yan uwa masu ginin sabon gida da ke sha'awar katakon daɓe irin na gidajen Ingila, ga yadda aikin yake a nan Ingila. Abin da ya fi ɗaure wa baƙo kai shi ne halin mai shimfiɗa katakon. Ka biya kuɗinka, kaya sun iso, sai ya zo ya manna wani ɗan akwatin awo a kan daɓen siminti, ya toshe gefensa, ya yi tafiyarsa. Bayan kwana uku zai dawo ya duba. Idan danshin da ke tasowa daga simintin ya haura kashi 65 cikin 100, yawancinsu ko falanki ɗaya ba za su ajiye ba, ko da motar kayanka tana ƙofar gida.

Abin da ciwo. Lissafinsu shi ne daɓe yana bushewa kamar milimita 1 a rana, wato mai kaurin milimita 50 zai ci kusan wata biyu, wanda ya fi haka kauri kuma ya fi jan lokaci. Kuɗin haya na tafiya, mai aikin kuma sai an sake bin layi kafin a same shi. Nan ne mutum ke kewar kafintan gida, wanda za ka kira da safe ya iso kafin rana ta take. Amma gaskiya tana wajen mai akwatin nan. Katako yana shan danshi ta ƙasa alhali samansa a bushe, sai gefunan falanki su ɗago, tsakiya ta lotsa, gam ya saki. Mu kuwa sai birkila ya shafa tafin hannu a daɓe ya ce ai ya bushe, a shimfiɗa kaya, in ya kumbura a ce katakon ne jabu. Wannan gaggawar tana cinye mana dukiya, wallahi.

Shi katakon, samansa itace ne na gaske, galibi oak (wani itace mai ƙarfi), an manna shi a kan filawud ko wani itace mai laushi, kowane hawa yana gicciye da na ƙasansa. Gicciyen ne ke rage masa kumburi da motsewa, shi ya sa ya fi katako zalla jure canjin yanayi. Kada a rikita shi da laminet, wanda hoton itace ne kawai aka liƙa a kan garin katako da aka matse.

A nan kowane kwali yana ɗauke da lamba biyu, kamar 14/3 ko 20/6. Ta farko kaurin falankin ne gaba ɗaya, ta biyu kaurin itacen sama, kuma ita ce abin dubawa. Duk sa'ad da aka goge daɓen da inji don sabunta shi, ana cin kusan milimita 1. Mai milimita 3 zai ɗauki guga ɗaya ko biyu, mai 6 zai kai ga jikoki. Ƙa'idar Turai ma ba ta kiransa faket, wato katakon daɓe na gaske, sai saman ya kai milimita 2.5. Duk mai sayarwar da ya kasa faɗin wannan lamba, a sa ya kawo guntu a duba yankansa.

Kafin shimfiɗawa ana ɗora sandar awo mai mita 2 a kan daɓen, in rami ko tudu ya wuce milimita 3 sai an daidaita, in ba haka ba za a yi ta jin ƙara ƙarƙashin ƙafa. Ana kwantar da kwalayen a cikin ɗakin kwana biyu zuwa uku su saba da iskarsa. Idan ba da gam za a manne shi ba, ana shimfiɗa leda mai hana danshi tukuna. A jikin kowane bango, da bakin ƙofa da kewayen bututu, ana barin sarari na milimita 10 zuwa 15, katakon gindin bango ya rufe shi. Wanda ya matse falanki da bango don ya yi kyau, zai ga tsakiyar ɗaki ta yi tozo. A sayi ƙarin kashi 5 zuwa 10 saboda yanke-yanke.

Masu ƙera shi suna son danshin iskar ɗaki ya tsaya tsakanin kashi 40 da 60. Inda iska ke bushewa ƙayau wata da watanni sannan damina ta sauka, a zaɓi falanki marar faɗi sosai mai gindin filawud, don mai faɗi ya fi buɗe baki, a kuma yi maganin gara tun daga tushen gini. Banɗaki dai a bar wa tayil. Sai kuma ɗabi'armu ta kwara bokitin ruwa a ƙasa a bi da tsumma: wannan daɓen ba ya ɗaukar haka. Shara yake so, da tsumma da aka matse sosai, ruwan da ya zube kuma a goge shi nan take kafin ya bi ta tsakanin falankai.